Ajiye Nan, Zan Sha Anjima

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka da yaran. Mu nan lafiya, sai ƙafar nan da ka sani.

Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da rubutun, iya abin da babanku ya koya min ke nan kafin ya gaji da ni. Direban motar safe zai kawo maka. Kada ka neme ni a waya. Na kashe ta na sa a ƙasan akwati, kuma nan za ta zauna.

Ranar Talata ina wanke-wanke ta yi ƙara. Na ga lambarka, na goge hannu na ɗauka. Sai na ji babanku. Ya yi min sallama, ya yi wannan gyaran muryar tasa, ya ce yaya ƙafa. Mutumin da na rufe wa ido da hannuna. Ban san sanda na zauna cikin ruwan kwanuka ba. Can sai ga muryarka kana dariya, wai Mama kin ji aikinmu, wai ai kwamfuta ce. Maƙwabciyata mai ɗinki ce ta zo ta ɗaga ni.

Tun kana ƙarami kake kwance rediyon gidan nan, ka mayar a bar ka da ƙusa biyu a hannu. Shi ya sa babanku ya sa maka Injiniya. Ban taɓa zaton wata rana shi za ka kwance ba.

Takardar da ka aiko wancan satin wai in sa hannu tana nan. Na kai wa mai kemis ya karanta min. Ya ce jami'a ce ke neman izinina ta ci gaba da koyar da ɗalibai da muryar Malam da fuskarsa. Na ce masa Malam ya rasu. Ya ce ai sun sani.

Ba na sa hannu a abin da ban gane ba. Ka yi min bayani a rubuce, da manyan baƙi, ka bar kalmomin nan naku na ofis. Kuma ka faɗa min me ya sami ƙanwarka Auta. Ta zo ranar Asabar ido a kumbure, ta wanke min labule duk da ba su yi datti ba, ta tafi.

Allah ya yi maka albarka, ya kuma ƙara maka hankali.

Mamarka

*

Zuwa ga Mama,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Iyali duk suna gaishe ki.

Da farko ina neman gafara. Na ɗauka za ki ji daɗi ne. Matata ta hana ni, ban ji ba. Ba zan ƙara ba.

Ga bayanin. Kin tuna shekarar da Baba ya kwanta bai daina koyarwa ba, Auta na zuwa tana ɗaukar darussansa a waya a ɗakinsa, ana tura wa ɗalibai. Mu a sashen kwamfuta mun tattara waɗannan, muka haɗa da littattafansa da takardun jarrabawar da ya gyara tsawon shekaru. Muka ba kwamfuta ta yi ta nazarinsu har ta iya magana da muryarsa, tana warware lissafi irin yadda yake warwarewa. Ɗalibi zai yi tambaya, ta amsa masa. Ba fatalwa ba ce, Mama, kuma ba shi ba ne. Hanyar koyarwarsa ce muka adana.

Da kin ga ajin 'yan shekarar farko da kin gane ni. Sun fi dubu a ɗaki ɗaya. Wasu a taga, wasu a ƙasa, na baya ko allon ba sa gani. Baba da bakinsa ya sha cewa layi uku na gaba kawai yake koyarwa, sauran rakiya suka yi. Yanzu kowane yaro yana da shi a aljihu. Akwai wata mai jego da ke bin darasin daga ƙauyensu da jariri a cinya. Akwai makanike da ke karatu in ya tashi daga gareji. Waɗannan da ko ƙofar jami'a ba za su gani ba. Nan gaba haka karatu zai koma ko'ina, mu so ko mu ƙi. Ni dai na ga gara a tafi da sunan Baba a gaba da a bar shi a baya.

Mun yi gwaji na zango ɗaya, sakamakon jarrabawa ya fi na bara kyau. Majalisar jami'a za ta zauna ƙarshen wata ta mai da abin na dindindin. Lauyansu ya ce tunda Baba a hannunki ya bar duk abin da ya shafi rubutunsa da koyarwarsa, kuma a gidanki aka yi ɗaukar, ba za a ci gaba ba sai da izininki. In kin ƙi, dole a kashe.

Maganar Auta, akwai 'yan gyare-gyare da za a yi a sashensu, ba a gama yanke komai ba. Kin san ta da saurin ɗaukar zafi.

Ki huta lafiya, ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Injiniya

*

Mamana,

Sallama da gaisuwa. Yaya ƙafa? Kina shafa maganin, ko kin jefa shi bayan gado kamar wancan?

Na ji Yaya ya ba direba takarda, shi ya sa na tare shi a tasha na ba shi tawa. Ko ban karanta ba na san abin da ke cikin ta Yaya. Mai jego da makanike, ko? Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin mai jego da makanike.

Ga abin da bai faɗa miki ba. Darasin da kwamfutar ke koyarwa nawa ne. Lissafin 'yan shekarar farko, wanda na karɓa daga hannun Baba. Mu shida ne muke raba ajin. In kika sa hannu, biyu za a bari su riƙa zagayawa suna duba ko wayar wani ta mutu. Sauran a sallame mu. Ina cikin sauran. Shugaban sashe ya faɗa min yana kallon silin. Gyare-gyaren ke nan.

Ofishin Baba kuwa an kwashe littattafansa an jibge a sito, an cika wurin da injina, an sa musu esi har biyu. Kin tuna shekarun da ya yi yana roƙon a gyara masa fanka.

Wai sakamako ya yi kyau. Yaran wata kwamfutar suke ba ta yi musu aikin gida, su miƙa wa ta Yaya ta duba ta ba su maki. Ni dai na tsayar da ɗaya daga cikin masu manyan makin a gaban allo na ba shi alli, ya riƙe shi kamar an ba shi maciji.

Sannan kin san sunan da suka sa masa? Malam Anjima. Duk sanda aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, sai ya yi shiru, ya kalli gefe, ya ce, "Ajiye nan, zan sha anjima." Ke yake faɗa wa haka in kin shigo da magani ina tsakar ɗauka, kwamfutar ta kwashe har da ita. Yanzu da gangan suke masa tambayoyin banza don ya faɗa su yi dariya. Sun buga ta a riga. Mai shayin bakin ƙofar jami'a ya rubuta a allonsa.

Mama, kada ki sa hannu. Ke kaɗai kika rage tsakanina da titi. Ni da Yaya ko gaisawa ba ma yi, in mun haɗu a matakala sai kowa ya duba wayarsa.

Allah ya ƙara lafiya.

Autarki

*

Auta,

Amin wa alaikumus salam. Ina shafa maganin. Ba ya yin komai, amma ina shafawa.

Na karanta taki, na karanta ta yayanki. Shi ya ce in sa, ke kin ce kada in sa. Ku biyu kun yi digiri har kun gaji, ƙarshe wurin wadda ba ta gama aji uku ba kuka dawo da rigimarku.

Kafin ki ɗora wa yayanki laifin duka, ki tuna wa ya riƙe wayar. Ina tsaye a bakin ƙofa na ce ku bar mutumin nan ya huta. Kika ce Mama ilimi ne, kada ya tafi da shi. To ga shi bai tafi da shi ba.

Kuma ku daina mai da min shi waliyyi. Ni na zauna da shi. Mutum ne mai ƙaramin haƙuri, yana jifan 'ya'yan mutane da alli, ya kira ki da sunan yayanki sai ya yi gyaran murya ya wuce. Aljihunsa kullum cike da guntayen alli, sun cinye min hannu a wanki. Da ganin hannun rigarsa nake sanin yadda aji ya kasance. In fari ya kai gwiwar hannu, an yi karatu, zai ci abinci. In hannun riga fes yake, sun ɓata masa rai ya fito, kowa ya kama kansa. Waɗanda suka faɗi jarrabawa kuma ya kwaso min su gida, ya jera a benci a baranda, ya yi ta zaginsu yana koya musu, ni ina dafa wa ƙattin da ban haifa ba. Abin da na sani game da jami'a ke nan.

Maganar da kika ce yana faɗa, ba zan ce komai a kanta ba yanzu.

Zan zo ranar Laraba in gani da idona. Ki tare ni a tasha, ki kai ni ajin, ki zaunar da ni a baya. Kada ki faɗa wa yayanki. Ba na son a share wuri a ajiye min kujera a gaba da ruwan roba.

Ki riƙa cin abinci, wuyanki ya fito.

Mamarki

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da iyali.

Na zo jami'arku jiya na koma, ban neme ka ba. Kada ka yi wa Auta faɗa, ni na hana ta faɗa.

Na ga ɗakin da ka ce. Ba kowa a taga, ba kowa a ƙasa. Rabin kujerun ma ba kowa, Auta ta ce suna ɗakunansu a kwance suna kallo a waya. Na zauna a baya kusa da wata 'yar siririyar yarinya. Ta ce, "Kaka, jikanki kike nema?" Na ce a'a, mijina. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Sai aka kunna. Ga shi nan a bango, kansa kaɗai ya kai ƙofar ɗakina. Kun gyara masa haƙorin nan da ya karye. Kun miƙar masa da kwalar riga, abin da na kasa tun ina amarya. Na duba hannun rigar, fes.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba. Ya iya koyarwa. Yarinyar nan ta danna wayarta ta yi masa tambaya ɗaya har sau uku, ya yi ta maimaita mata cikin lallami, a na ukun na ga fuskarta ta washe. Babanku da tun a na biyu alli ya same ta a goshi. Wannan na ba ka.

Amma ba ya jira. Babanku in ya yi tambaya sai ya rufe baki ya harɗe hannu, ya bar yaro da ita har gumi ya karyo masa. Na sha leƙowa baranda in ga ko sun tafi ne, ashe suna nan, shirun ne. Naka yana tambaya, kafin yaro ya haɗiye yawu ya ba shi amsa ya ce madalla. Auta kuma ta ce inji ke yi musu aikin gida, inji ya duba, inji ya ba da maki. Ni ban yi boko ba, sai ka faɗa min a cikinsu wa ya yi karatun.

Ana cikin haka wani dogo mai irin rigar nan da suka buga ya miƙe. Ya ce, "Malam, in aka raba soyayya gida sifili, nawa kowa zai samu?" Tun bai rufe baki ba suka fara ƙyalƙyala. Na bangon ya yi shiru. Ya juya kai hagu. Hagu nan ne ƙofar ɗakinmu take, in kana kwance a gadon. Ya ce, "Ajiye nan, zan sha anjima." Suka amsa masa gaba ɗaya kamar waƙa, suna dukan tebur. 'Yar siririyar ma har da hawaye don dariya. Ta taɓa ni ta ce, "Kaka, kin ji shi ko? Kullum sai ya faɗa."

To bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba. Ranar da zai rasu, da hantsi, kai kana taro, Auta tana hanya. Na shiga da kofin ruwa da ƙwayoyinsa. Ya juyo haka hagu ya ce ajiye nan, zan sha anjima. Na ajiye a kan kujera na fita shanya. Da na dawo kofin na nan a cike. Ita ce maganarsa ta ƙarshe a duniya, kuma ni ya yi wa. Ban faɗa muku ba don ba ku tambaya ba. Ko ya sha wahala kuka tambaya, na ce a'a.

Ban yi kuka a ajin ba, kada ka sa wannan a ranka. Na jira aka tashi, na ɗingisa zuwa tasha. Na wuce mai shayin, na karanta allonsa da kaina, da rubutun da mai maganar ya koya min.

Tambaya ɗaya zan yi maka. In na ƙi sa hannu, Auta za ta tsira da aikinta? Ka ce eh ko a'a. In ka kawo min gyare-gyare, direba zai dawo maka da takardarka.

Allah ya tsare.

Mamarka

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki.

A'a.

Majalisa ta riga ta yanke cewa kwamfuta ce za ta koyar da 'yan shekarar farko, zaman ƙarshen wata na zaɓen wacce ce kawai. Akwai wani kamfani daga waje da ya kawo tasa, da fuskar wata budurwa da ba a taɓa haifa ba. Ita za su ɗauka tun farko. Ni na yi ta bin ofis-ofis ina roƙo a gwada tamu, na ce muna da malamin da ya fi nasu. Ko kin sa hannu ko ba ki sa ba, malamai huɗun nan za a sallama. Na kasa faɗa wa Auta. Gara ta tsane ni tana ganin akwai mafita.

In kin ƙi, za a kashe Baba a kunna tasu. Sashenmu kuma ya koma masu goge wa injin wasu ƙura. Ban faɗa don ki tausaya min ba, kin ce in faɗi gaskiya ne.

Maganar nan kuwa, Mama, wallahi ban sani ba. Na karanta takardarki a ofis, na rufe ƙofa, ban fito ba sai da aka tashi. Mun sha goge ta tana dawowa. A ɗaukar da Auta ta yi, duk inda Baba ya gaji ya kasa ci gaba, nan kike shigowa, ya faɗi haka, a kashe waya. Sai kwamfutar ta ɗauka haka ake cewa ban sani ba. Ni da kaina na yi dariya ranar da ta fara faɗa.

Yanzu mun gano hanyar cire ta gaba ɗaya, da juya kan, da shirun. Na yi miki alkawari ba wanda zai ƙara jin ta. Zai zama Baba ne tsaf, ba abin da za a yi wa dariya. Ki duba wannan kafin ki yanke.

Ina neman afuwarki.

Ɗanki,
Injiniya

*

Mamana,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubutun nan, direba na jira.

Takardar sallamata ta fito tun majalisa ba ta zauna ba. Yaya ya zo ofishina ya faɗa min komai. Ban zage shi ba, na gaji.

Mama, ki sa hannu. Na san ni na ce kada ki sa. Aikin ya riga ya tafi, kada a haɗa da Baba.

Akwai abin da nake yi, in na gama aji sai in kulle ofis in kunna shi. In yi masa tambayar da na san amsarta, ya tambaye ni, in amsa. Sai ya ce, "Madalla, kin yi ƙoƙari." Yana raye bai taɓa faɗa min haka ba. Ranar da na fito ta ɗaya a ajinmu cewa ya yi ajin ne ba ƙwari. Na san inji ne, ni ma lissafi na karanta. Amma da muryarsa yake faɗa.

In aka kashe shi, ya mutu sau biyu ke nan.

Autarki

*

Injiniya da Auta,

Assalamu alaikum. Takarda ɗaya na yi muku, ku zauna wuri ɗaya ku karanta, hannuna ya gaji. Na ga yau bakinku ya zo ɗaya, abin da na daɗe ina roƙo. Sai dai kun haɗu ne a kan abin da ba zan yi ba.

Ba zan sa hannu ba. Ga takardarsu nan na mayar yadda ta zo.

Injiniya, ka ce za ka cire maganar, da juya kan, da shirun. To me ya rage? Na zauna a ajin nan daga farko har ƙarshe, a nan kaɗai na ga mijina. Sauran wani mutum ne mai haƙuri da kyan haƙori wanda ban taɓa aura ba. In an bar ta, yara su yi ta dariya da abin da ya faɗa min yana mutuwa. In an cire, kun rataya sunansa a wuyan baƙo. Kowanne ba na so.

Na san ban ceci aikin kowa ba. Ba wawiya ba ce ni, na gane za a yi abin nan da mu ko ba mu. Mai jegonka da makanikenka budurwar kamfani za ta koya musu, Allah ya ba su sa'a, da gaske nake. Amma mutum ya yi ta aiki har a kan gadon mutuwa, sannan a tashe shi a ce ya karɓe abincin bakin 'yarsa. In za a kore ta, baƙuwa ta kore ta. Ba ubanta ba, kuma ba da hannuna ba.

Auta, gaskiya ne bai taɓa ce miki kin yi ƙoƙari ba. Je ki tambayi mai kemis, ki tambayi direban nan da ke kai muku takardu. Ranar da kika fito ta ɗayan nan sai da ya hana mutumin tashi da mota yana ba shi labari, fasinja na zagi. A bayan idonki yake faɗa. Mugun hali ne, na sha gaya masa, amma nasa ne. Wancan da kike kulle ƙofa kina saurara, ko dogon mai raba soyayya ya amsa daidai haka zai ce masa.

Kin ce sau biyu ke nan. Sau ɗaya ne. Ina wurin.

Bencin yana nan a baranda, allon yana bayan ƙofa. Ban ce ki dawo ba. Na ce suna nan.

Ku yi fushi da ni in kuna so, na saba, da babanku na zauna. Allah ya yi muku albarka.

Mamarku

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Mun karanta tare, a motata.

An kashe ranar Litinin. Na ce kada kowa ya taɓa, ni na danna. Budurwar kamfani ta fara aiki washegari. Ba ta rasa amsa, ko ba ta sani ba sai ta faɗi wani abu. Yara ba su daina sa rigar ba. Ba ni da ikon hana wannan.

Auta ta kwashe kayan ofishinta. Ta karɓo littattafan Baba daga sito, suna falona cikin kwalaye. Ba ta ce ga inda za ta kai su ba.

Har yanzu ina ganin kin yi kuskure, Mama. Amma ba zan ƙara cewa komai ba.

A cikin ambulan ɗin nan akwai ɗan memori na waya. Ba na kwamfuta ba ne, ainihin ɗaukar Auta ce, guntu ɗaya na yanko. Ana jin buɗe ƙofa, ana jin takunki da ƙarar kofi a faranti, sai ya juyo ya faɗa. Ke ma kin ce wani abu ƙasa-ƙasa, ya yi dariya. Na goge sauran kwafin duka. Naki ne.

Ki gafarce ni.

Ɗanki,
Injiniya

*

Injiniya,

Amin wa alaikumus salam. Saƙo ya iso. Na yafe maka tuntuni.

Ka ce wa Auta in kwalayen sun tare maka falo, motar safe na da wuri a baya.

Direba ya miƙo min ɗan abin a tafin hannu, ko ƙwayar magani ta fi shi girma. Ya ce in ɗauko wayar daga akwati ya sa min in ji. Na nuna masa kujerar da ke gefen gado na ce ajiye nan.

Zan ji anjima.

A gaida yaran.

Mamarka